Na kalli fim ɗin G20 jiya da daddare, ga abin da na gani

Tun makon jiya ƙanina yake damuna wai yaya sai ka kalli G20, shugabar ƙasar Amurka ce da kanta take dambe da ƴan ta'adda. Shekaranjiya da na shiga Farm Centre gyaran waya sai na ce wa wani mai turi ya saka min shi, jiya bayan isha'i na haɗa shayi na zauna, awa ɗaya da minti arba'in da wani abu ban tashi ba.

Fim ɗin a watan Afrilun 2025 ya fito a Prime Video. Viola Davis ce jarumar, ta fito a Danielle Sutton, tsohuwar soja da ta yi yaƙin Iraƙi ta zama shugabar ƙasa, ta je taron ƙasashe 20 a Cape Town ta Afirka ta Kudu da mijinta da ƴaƴanta biyu, ana cikin liyafa sai bos ɗin, Antony Starr, ya rufe otal ɗin da yaransa ya yi garkuwa da shugabannin duniya gaba ɗaya. Ita ta sulale da dogarinta da firaministan Ingila da wasu mata biyu.

Tsakani da Allah matar nan ta iya. Tana dab da shekara 60 ta yi fim ɗin amma in ka ga yadda take riƙe bindiga cikin jar rigar nan ba za ka ce wasa ba ne, kuma idonta kaɗai yana ba da labari, musamman wajen da ta san ƴaƴanta suna cikin ginin. Dabarar bos ɗin ma ta burge ni, ba kuɗin fansa ya nema ba, sa shugabannin ya yi suna karanta wasu kalmomi yana naɗar muryarsu, ya haɗa bidiyon bogi da AI don kasuwannin duniya su rushe mutane su ruga kirifto shi ya kwashi riba. Duk wanda ya ga yadda samarin Kano suka kwana danna waya lokacin mainin, wato neman kuɗin kirifto a waya, zai gane wannan ba tatsuniya ba ce.

Inda fim ɗin ya gaza min shi ne wajen waɗanda aka kama. Suna zaune kawai cikin kwat-kwat ɗinsu, ba ka jin tsoronsu a jikinka. Fim ɗin Air Force One na 1997 da Harrison Ford ya fito a ciki ya fi shi nesa ba kusa ba a nan, don lokacin da bos ɗin, Gary Oldman, ya ɗora wa mutum bindiga yana ƙirge a cikin jirgin nan, wallahi kai ma cikinka sai ya ɗuri ruwa. Mu kuma garkuwa ba a fim muka san ta ba. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna da aka tare ran 28 ga Maris 2022, sai a watan Oktoba ragowar mutanen suka fito, wata shida da ɗoriya a daji. A layinmu ma an taɓa yin karo-karo a masallaci don a fanso wani bawan Allah, na ga matarsa ta dawo kamar ba ita ba, kullum waya a hannu tana jiran kira. Shi ya sa da na ga an gama komai a dare ɗaya sai raina bai kwanta ba.

Duk da haka ban yi da-na-sanin kallonsa ba. Ba batsa sosai, sai dai harbe-harbe da jini, kar a kunna wa ƙananan yara. Ni 6 cikin 10 na ba shi, ƙanina ya ce na zalunce shi 9 ya dace, na ce ya nemo Air Force One mu kalla tare ran Juma'a sannan mu sake magana.