WORKGROUP ko domen: wanne ya dace da ofis mai kwamfuta 14?

Malam, ka ce ofishinku na da kwamfutoci 14 da firinta biyu, maigidan ya sayo saba (babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima) mai Windows Server 2022, kana tambaya ko ku ci gaba da tsarin kowa da kansa, wanda Windows ke sa wa suna WORKGROUP, ko ku kafa domen, wato tsarin da saba ke kula da duk kwamfutocin daga wuri ɗaya. Ni dai domen zan ce, amma da sharuɗɗa.

Asalin bambancin yana wajen ajiye sunayen ma'aikata da kalmomin sirrinsu. A WORKGROUP kowace kwamfuta tana riƙe da nata jerin. In akawu zai buɗe folda a kwamfutar sakatare, sai an yi masa asusu a can ma. Ranar da ma'aikaci ya bar aiki, sai ka bi tebur 14 kana gogewa, kuma da wuya a ce ba ka manta ɗaya ba. Ƙarshenta mutane su gaji, a koma kalmar sirri guda ga kowa, a rubuta ta a takarda a tura ƙarƙashin kibod. Wannan ya fi komai damuna, domin in fayil ɗin albashi ya fita, babu mai iya cewa ga wanda ya buɗe shi. A domen kuwa, Active Directory, manhajar da ke tafiyar da domen ɗin, wanda ya zo tun Windows 2000, yana tara asusun kowa a saba. Ka rufe na mutum sau ɗaya, ka rufe masa ƙofa a ofishin gaba ɗaya.

Haka ma dokoki. Hana sa filash, kulle allo in an tashi daga kujera, haɗa wa kowane sashe foldarsa: a WORKGROUP da hannu za ka yi su kwamfuta bayan kwamfuta. A domen sau ɗaya za ka rubuta a Group Policy, wato wurin tsara dokoki a saba, kwamfutocin su riƙa zuwa ɗauka da kansu kusan kowane minti 90. Akwai kuma iyakar da mutane ba sa lura da ita: Windows 10 ko 11 ba ta karɓar fiye da na'ura 20 a lokaci guda kan foldar da ta raba. Ba ku kai ba tukuna, amma ofis girma yake yi.

To, sai kuɗi da wahala, inda WORKGROUP ya yi fintinkau. Ba ya neman lasisi, ba ya neman gwani. Domen kuwa Windows nau'in Home ba ta shigarsa, sai nau'in Pro zuwa sama, kuma ban da lasisin sabar akwai CAL, wato lasisin amfani da sabar, da ake saya wa kowane ma'aikaci ko kowace na'ura. Samba, manhajar kyauta a kan Linux, tun fitowar siga ta 4 a 2012, tana iya wannan aikin ba lasisi, in akwai mai hannu a kanta. Amma tunda an riga an sayi sabar, ku yi da ita.

Wuta ita ce babbar magana. In saba ta mutu, ma'aikaci zai iya shiga kwamfutar da ya saba hawa, domin Windows na ajiye bayanan shiga 10 na baya. Amma foldoji sun tafi, kuma intanet ma zai zama kamar ya ɗauke. Dalili shi ne a domen dole kowace kwamfuta ta ɗauki sabar a matsayin DNS ɗinta, wato mai fassara mata sunaye zuwa adireshi, ta nan take gano inda za ta tantance mai shiga. Saboda haka in babu inbata ko sola da za ta riƙe sabar tsakanin ɗauke wuta da tada janareta, kada ku fara.

Wannan DNS ɗin shi ya fi kayar da masu farawa. Rautar ofis tana raba adireshi tana ba da kanta a matsayin DNS, ko wani ya cusa 8.8.8.8, DNS ɗin Google, sai kwamfuta ta ce ba ta ga domen ba alhali kebul lafiya lau. Ka ba sabar adireshi tsayayye, ka kashe DHCP na rauta, wato mai raba adireshin, ka mayar da shi kan saba, ko aƙalla ka gyara abin da rautar ke rabawa. Sunayen shafukan intanet kuma sabar ce za ta tura su gaba.

Na biyu agogo. Kerberos, mai tantance shiga, ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5 tsakanin kwamfuta da saba. Kwamfutocin tokumbo da yawa ƙaramin batirin madabod ɗinsu ya mutu, da an ɗauke wuta kwanan wata ya koma shekarun baya. Batirin CR2032 ne, ba tsada, ka canza su tun kafin ka haɗa.

Da kwamfutocinku biyar ne ko shida, kowa da tasa, babu mai kula da saba kullum, da na ce ku zauna inda kuke. Domen da babu mai duba shi, babu kwafin ajiya a wani faifai na daban, ya fi WORKGROUP haɗari, domin ranar da faifan sabar ya lalace asusun kowa ya tafi tare. Shi ya sa ake son saba ta biyu ko da ƙarama ce.

Kafin ka taɓa komai, ka bi kwamfutocin ka buga winver a kowace don ganin nau'in Windows ɗinta, ka ƙirga masu Home, ka haɗa da kuɗin CAL da na inbata ka kai wa maigidan lissafi ɗaya. In ya amince, ka fara da kwamfuta biyu na mako guda kafin sauran.