Ja Ba Iri Ɗaya Ba Ne: Wane Kayan Aiki Zai Nuna Maka Inda Kuskuren Manhaja Ya Ɓuya?

Wani ƙanena da ke rubuta manhajar karɓar kuɗin MoMo (kuɗin wayar hannu) ga 'yan kasuwa a unguwar Nima ta Accra ya nuna mini allonsa, layukan rubutun manhajar rabi kore rabi ja, ya ce, "Yaya, ga kuskuren nan." Na ce masa ba shi ba ne. JaCoCo yake amfani da shi, kayan aikin masu rubuta manhaja da harshen Java, kuma ja a wurinsa na nufin gwaji (ɗan rubutun da ke duba ko manhaja na aiki daidai) bai taɓa bi ta wannan layin ba. Coverage.py na masu harshen Python ma haka yake. Kyauta ne duka biyun, suna aiki a kwamfutarka ko babu intanet, amma inda ba ka duba ba suke nuna maka. Nemo layi mai laifi ba aikinsu ba ne.

Mai farautar laifi salon Tarantula yake so, wanda James Jones da Mary Jean Harrold da John Stasko na Georgia Tech a Amurka suka gabatar a 2002. Ana ɗaukar kowane layi a ƙirga gwaje-gwajen da suka bi ta kansa, nawa suka faɗi, nawa suka tsallake. Wanda masu faɗuwa suka fi bi sai ya yi ja wur, ka fara bincike daga nan. GZoltar, da aka ƙirƙiro a Jami'ar Porto ta Fotugal, yana yin wannan ga masu Java. Sai dai in gwaje-gwajenka guda biyar ne kacal, zato kawai zai ba ka, domin ba shi da abin ƙirgawa.

In kuwa matsalar a shafin yanar gizo take, maɓallin biyan kuɗi ya ƙi dannuwa, Trace Viewer na Playwright, kayan gwajin shafukan yanar gizo, na fi so. Yana ajiye hoton kowane mataki da saƙonnin da suka fita zuwa saba (kwamfutar da ke ɗauke da shafin), ka yi ta komawa baya kamar bidiyo.

Allure kuwa rahoton sakamakon gwaji ne mai kyan gani, na nuna wa mai gida.

Kayan aiki na kuɗi irin su Codecov, mai nuna layukan da gwaji ya bi, da dala ake biya, kai kuma sidi kake samu. In ku uku ne a ɗaki ɗaya a Mamobi, ban ga dalilin biya ba tukuna. Ƙanen nawa na ce ya riƙe JaCoCo, ya ƙara rubuta gwaji kan layukan nan ja, sannan ya ɗora GZoltar.