Sharhi kan metronom ɗin Korg MA-2 da neman saurin hannu a jita

Hannun dama ne yake tona asirin makaɗin jita, domin hannun hagu yakan haddace wuraren da zai danna cikin 'yan makonni, amma bugun tsirkiya da sauri ba tare da sautuka sun cakuɗe ba abu ne da yake cin lokaci mai tsawo. Saboda haka ne na sayi ƙaramin metronom samfurin MA-2 na kamfanin Korg na ƙasar Jafan, kuma tun da na yi aiki da shi daga ƙarshen damina zuwa tsakiyar hunturu a nan Kaduna, ina ganin na san shi sanin da zan iya ba wani shawara a kansa.

Ga wanda bai saba da shi ba, metronom na'ura ce da take fitar da ƙara a kan ƙa'ida, gwargwadon yawan bugun da aka saita mata a cikin minti ɗaya. Johann Maelzel ne ya yi rajistar mallakar fasaharta a shekarar 1815, ko da yake Dietrich Winkel na birnin Amsterdam ya riga shi ƙera irinta. Na wancan zamani yana da sanda mai lilo, ana kuma murɗa masa makulli kamar agogon da, shi kuwa MA-2 bai cika tafin hannu ba, yana aiki da ƙananan batura biyu samfurin AAA, yana da wurin saka abin sauraro na kunne, kuma ana iya saita shi daga bugu 30 zuwa 252 a minti. Maganar batur ba ƙarama ba ce ga wanda yake zaune a unguwar da ake yawan ɗauke wuta, tun da atisayen dare ba ya tsayawa don wayar mutum ta kusa mutuwa.

Mai karatu zai iya cewa ai manhajojin metronom sun cika waya, kuma mafi yawansu kyauta ne. Gaskiya ne, da ɗaya daga cikinsu nake aiki a da, kuma abin da ya raba mu shi ne talla da take yankowa a tsakiyar atisaye, ga kuma saƙonnin WhatsApp da suke shigowa suna ɗauke hankali daidai lokacin da hannu ya fara sakewa. A ganina babban abin da mutum yake saye a wannan na'ura shi ne damar ajiye wayarsa a wani ɗaki, ya zauna daga shi sai jitarsa.

Abin da ya fi yi mini amfani a jikinta shi ne hanyoyin canza sauri. Ana iya ƙarawa ɗaya bayan ɗaya, ana iya bubbuga maɓalli daidai da kiɗan da ake ji don ta gano saurinsa, ana kuma iya bin tsohon matakin metronom mai lilo, wanda daga 72 zuwa 120 yake tsallakawa da huɗu-huɗu, wato 76, 80, 84 har zuwa sama, sannan daga 120 ya koma 126, 132, 138. Wannan matakin na ƙarshe shi na ɗauka, domin ƙarin huɗu kunne ba ya jin sa sosai, amma hannu yana jin sa, kuma hakan ake bukata.

Tsarin atisayen da na gina a kanta bai da wata ƙawa. Ina farawa da ɗumama yatsu a kan bugu 60, yatsa huɗu a gaɓoɓi huɗu da ke jere, daga tsirkiya ta shida mai kauri zuwa ta farko sannan in dawo. Bayan haka sai in tsaya a kan tsirkiya guda, ba tare da hannun hagu ya yi komai ba, ina buga ƙasa da sama, ƙasa da sama, sauti huɗu a kowane bugu. Lissafin a nan yana da sauƙi kuma yana sa mutum ya san matsayinsa: sauti huɗu a bugu 60 sauti huɗu ne a daƙiƙa, a bugu 120 kuwa takwas ne a daƙiƙa, wato 480 a minti. Mutane da yawa da suke ganin suna da sauri, idan aka kunna musu na'urar aka ce su riƙe wannan na minti ɗaya cur ba tare da kuskure ba, a nan ake gane cewa saurin nasu na 'yan daƙiƙu ne kawai.

Inda aikin yake da gaske shi ne tsallakawa daga tsirkiya zuwa tsirkiya. Idan aka buga ta uku da bugun ƙasa, sannan aka je ta biyu da bugun sama, dole pik, wato ɗan abin da ake riƙewa a buga tsirkiya da shi, ya haura ta biyun ya dawo mata ta waje, idan kuwa aka juya tsarin sai ya kasance yana kai-kawo a ɗan tsakanin tsirkiyoyin biyu, inda wuri ya ƙuntata. Kusan kowa yana da wanda ya fi masa sauƙi a cikin biyun, kuma ba ya sanin haka sai ƙarar na'urar ta nuna masa cewa kullum a wuri ɗaya yake makara. Ni tsakanin ne yake riƙe ni, don haka a nan nake kashe mafi yawan lokaci, ina sauka zuwa saurin da zan iya bugawa da sakakkiyar kafaɗa, ina lura da cewa motsin daga wuyan hannu yake fitowa, kuma bakin pik kaɗan ne yake shiga ƙarƙashin tsirkiya. Da zarar na ji muƙamuƙina ya ɗaure ko babban yatsa ya yi fari saboda matsewa, na san na wuce gona da iri, sai in koma baya da mataki biyu. Wani dattijon makaɗi da muke haɗuwa wajen kiɗan biki a Barnawa yakan ce wa matasa, "Yaro, sauri ya haifi nawa," kuma a wannan fanni maganar tasa daidai take har a ma'aunin na'ura.

Duk da haka ban yarda da masu cewa a tsaya a kan jinkiri kawai ba. Hannu ba ya koyon gudu idan bai taɓa ɗanɗana shi ba, shi ya sa kusa da ƙarshe nake saita na'urar sama da iyawata, in buga sauti biyar ko tara a guje, in huta bugu biyu, in sake. Wannan gajeren gudun ne ya fi buɗe mini hannu. Sai in rufe da kiɗa na gaske, domin atisayen da bai shiga cikin waƙa ba ba shi da inda zai je.

Akwai wani abu da ya dace makaɗan ƙasarmu su kula da shi. Na'urar tana iya raba kowane bugu gida biyu, gida uku ko gida huɗu, kuma rabon gida uku shi ne wanda ya fi kusa da yawancin kiɗan da muke ji, daga na kalangu har zuwa na masu jitar Agadas. Darussan da ake samu a intanet galibi a kan rabon gida huɗu aka gina su, saboda haka wanda ya bi su kaɗai zai iya samun sauri amma ya ji kiɗansa ya yi baƙunta a wajen biki. A rabon gida uku, bugun ƙasa da sama yana juyawa a kowane bugu, na farko ya fara da ƙasa, na biyu ya fara da sama, kuma wannan kaɗai atisaye ne mai zaman kansa.

Pik ɗin da aka riƙe shi ma yana da tasiri, domin mai laushi yana lanƙwashewa ya makara kafin ya dawo. Na koma ga Jazz III na kamfanin Dunlop, ƙarami mai tsini wanda kaurinsa ya kai milimita 1.38, kuma a kan sa ne lambobin na'urar suka fara hawa. A lokacin hunturu, da busasshiyar iska take sa fatar yatsu ta bushe har pik ya riƙa zamewa, rubutun da ya tudo a jikinsa yana taimakawa wajen riƙo. Sai dai a kula wajen saye, domin na taɓa karɓar wasu a wani shago da suka yi kama da shi, amma bakinsu ya cinye cikin ɗan lokaci.

Wannan metronom ɗin ba ya jin abin da mutum yake bugawa, saboda haka ba zai gaya maka cewa sautinka ya dusashe ko wata tsirkiya tana ƙara a banza ba, kuma ba zai hana ka ci gaba ba idan wuyan hannu ya fara ciwo, alhali a lokacin ajiye jita ne ya wajaba. Don cike wannan giɓi nakan naɗi atisayen ranar Asabar in saurara daga baya, in rubuta a littafi saurin da na riƙe da tsabta a kowane darasi. Wanda burinsa shi ne raka waƙa da 'yan kaɗe-kaɗe masu sauƙi, manhajar waya ta ishe shi, ya riƙe kuɗinsa ya sayi sababbin tsirkiyoyi. Wanda kuwa yake jan gaba a ƙungiyar kiɗa, ko yake neman ya iya irin saurin jitar Kwango da ake so a bukukuwan Sabon Tasha da Kakuri, ina ba shi shawarar ya nemi MA-2, ya haɗa da abin sauraro na kunne idan gidan haya yake zaune, domin ƙararsa tana ratsa bango da daddare.