Kujerar gaba ta kyauta a jirgi: aro ce har sai an rufe ƙofa

A filin jirgin Hassan Djamous na Njamena, ko a na Garwa, wani lokaci fasinja kan ɗora takardar shiga jirgi a kan na'urar bakin ƙofa sai ta yi wani kuka daban. Ma'aikaciya ta karɓe takardar, ta miƙo sabuwa: 24C ta koma 2A. Wannan shi ne abin da ma'aikatan filin suke kira surclassement da Faransanci, wato ɗaga fasinja daga ɗakin baya zuwa na gaba ba tare da ya ƙara ko dala ba. Hidima ce mai daɗi idan ta tabbata. Kujera mai faɗi, wurin miƙe ƙafa, abinci a faranti, kuma kai ne farkon sauka. Amma ita ce hidimar da aka fi barin fasinja cikin duhu a kanta, shi ya sa idan aka zo aka ce "Alhaji, yi haƙuri, za ka koma baya" bayan mutum ya riga ya cire takalmi, sai abin ya zama cin fuska a gaban jama'a. A ganinmu kujerar ba ta da laifi. Inda kamfanoni suka gaza shi ne rashin faɗa wa mutum tun a bakin ƙofa cewa aro aka ba shi.

Ba don Allah kaɗai ake ba da kujerar ba. Kamfanonin jirgi sukan sayar da tikitin baya fiye da yawan kujerun, saboda sun san kullum akwai waɗanda ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, sai baya ta cika ta batse alhali gaba akwai gurbi. Da a bar mutum a ƙasa a kama masa otal, gara a tura wani gaba. A yankinmu akwai ƙarin dalili: daga Disamba zuwa Fabrairu hazo kan sa a soke tashi ko sauka a Garwa da Marwa Salak, sai a haɗa fasinjojin jiya da na yau a jirgi ɗaya. Haka ma lokacin Umara da hutun ƙarshen shekara. Na'urar kamfani ce take jera sunayen waɗanda za a ɗaga, tana fifita masu katin yawan tafiya, irin ShebaMiles na Ethiopian ko Flying Blue na Air France, sannan waɗanda suka sayi tikitin baya mai tsada. Babbar riga da turare ba sa shiga lissafin na'ura, duk da abin da ake faɗa a majalisa.

Wanda ya riƙe bambancin tikiti da takardar shiga jirgi ya fahimci rabin maganar. Tikiti shi ne yarjejeniyarka da kamfani. Yana da lamba mai alƙaluma 13, kuma a cikinsa akwai harafi ɗaya da ke nuna ajin da ka saya: Y da ire-irensa na baya ne, J da C galibi na gaba. Idan aka ɗaga ka kyauta, ba a taɓa wannan harafin. Takardar shiga jirgi kaɗai ake sake bugawa. Ke nan kana zaune a gaba da tikitin baya. Shi ya sa yawanci nauyin kayan da aka yarje maka ba ya ƙaruwa, makin da ake tarawa a katin yawan tafiya na ajin baya ake rubuta maka, kuma ba lallai a buɗe maka ɗakin hutun manyan fasinjoji ba. Sannan sharuɗɗan da ke bin kowane tikiti, waɗanda ba mai karantawa, sun ba kamfani damar sauya wa fasinja kujera a kowane lokaci, har bayan ya shiga jirgi.

To me ke sa a ƙwace?

Mafi yawa, mai kujerar ne ya iso. Mutum ya biya kuɗin gaba cikakke, jirgin da ya kawo shi ya makara, ko ya tsaya a layin duba fasfo, ko ya taso daga Kusiri cunkoson gadar Ngeli ya riƙe shi. Ma'aikacin ƙofa ya ɗauka ba zai zo ba, ya raba kujerarsa. Minti biyar kafin a rufe sai ga shi da gudu. Idan ba a riga an cire sunansa daga jerin ba, shi ke da haƙƙi, domin shi ya biya. Ma'aikaci mai hankali yakan jira sai an kusa rufe ƙofa kafin ya raba kujerun gaba. Mai gaggawa, wanda yake son jirgi ya tashi a kan lokaci don kada a rubuta jinkirin a kansa, shi ke raba su da wuri ya jawo wannan rikici.

Akwai kuma wanda ya fi shafar jiragenmu masu yada zango. Jirgi ya taso daga arewa, ya sauka Yawunde, sannan ya wuce Duwala, ko jirgin ƙetare ya biya ta wani birni kafin ya miƙe. Kujerar gaba tana iya zama fanko a zangon farko amma an sayar da ita a na biyu. An ɗaga ka ne na zango ɗaya, ba wanda ya gaya maka, sai da aka sauka sabbin fasinjoji suka shigo wani ya tsaya a kanka da takardarsa. Wannan ba ƙwace ba ne a idon kamfani, wa'adi ne ya cika. Tambaya ɗaya a bakin ƙofa tana maganinsa: "Madam, har ƙarshen tafiyar ne ko zango ɗaya?"

Sai na lalacewar kujera. Kujerar da ɗamararta ta tsinke, ko bayanta ya ƙi tsayawa a miƙe, doka ba ta yarda a zauna a kanta lokacin tashi da sauka ba. Idan irin wannan ta faɗo a kan wanda ya biya kuɗin gaba, dole a nema masa wata a gaban, kuma ta ɗan kyauta za a ɗauka. A Boeing 737 kujerun gaba galibi ba sa wuce 12 zuwa 16, saboda haka lalacewar ɗaya tak ta isa. Wani lokaci kuma matuƙi ne da kamfani ke kai shi wani gari ya ɗauki jirgi, ko a doguwar tafiya a keɓe kujera don hutun matuƙi na uku. A ƙananan jirage masu farfela har daidaita nauyi yana shigowa: takardar lissafin nauyi ta nuna gaba ta yi yawa, sai a ce mutum biyu su koma baya. Wannan ba ja-in-ja a kansa, maganar rai ce.

Na ƙarshe kuma mafi rauni shi ne ɗagawar sanayya. Wani ɗan unguwa yana aiki a filin, ya raɗa wa ma'aikaciyar jirgi, aka ce ka zauna gaba ba tare da sabuwar takarda ba. Babbar ma'aikaciyar jirgi tana da jerin sunaye da lambar kujerar kowa. Da ta ƙirga ta ga kai ɗaya ya ƙaru a gaba, za ta tashe ka, kuma wanda ya yi maka alfarmar zai iya shan tambaya a ofis. Ɗagawar da ba ta zo da takarda mai sabuwar lamba ba, kada ma a lissafa ta.

Amma ba a rasa kujerar gaba gizo ke saƙar ba. Asarar gaske tana baya. A daidai lokacin da aka buga maka 2A, tsohuwar kujerarka ta koma kasuwa, kuma tunda cikar baya ce ta sa aka ɗaga ka, nan take aka bai wa wani. Idan aka mai da kai, abin da ya rage za ka samu, galibi kujerar tsakiya a can ƙurya kusa da ban ɗaki. Wanda ya biya kuɗi daban tun a gida don ya zaɓi kujerar gefen hanya ko ta bakin ƙofar gaggawa, ya rasa ta ke nan. Jakarsa tana ma'ajiyar sama ta gaba, ta baya kuwa ta cika, sai dai a karɓe ta a jefa ƙasan jirgi tare da manyan kaya. Idan hakan za ta faru, a fara ciro fasfo, kuɗi, magani da duk wani batirin caji, domin batirin ajiya ba ya shiga ƙasan jirgi. Abinci na musamman da aka yi oda, kamar na mai ciwon suga, yana bin lambar kujera, sai an tuna wa ma'aikata inda aka koma. Ga magidancin da ya bar Hajiya da yara a layi na 24 ya tafi gaba, idan ya dawo ba lallai ya samu gefensu ba. Guntun gatarinka, in ji Hausawa, ya fi sari ka ba ni.

Maganar diyya kuwa, gara a ji ta ba ƙumbiya-ƙumbiya: wanda aka ɗaga kyauta aka mai da shi ajin da ya saya, ba ya bin kamfani komai. Dokar da ta fi ƙarfi a wannan fage ita ce ta Tarayyar Turai mai lamba 261 ta shekarar 2004. Tana aiki a kan duk jirgin da ya tashi daga filin wata ƙasar Tarayyar, da kuma wanda ya nufi can idan kamfanin Tarayyar ne ke tuƙa shi, kamar na Faransa daga Njamena zuwa Paris. Sashe na 10 ya ce idan kamfani ya ɗaga fasinja, ba shi da ikon neman ƙarin kuɗi. Idan kuma ya sauke shi ƙasa da ajin da ya saya, zai mayar masa da kashi 30 cikin 100 na kuɗin tikiti a tafiyar da ba ta wuce kilomita 1,500 ba, kashi 50 tsakanin 1,500 da 3,500, kashi 75 a abin da ya haura haka, cikin kwana bakwai. Njamena zuwa Paris ta haura kilomita 4,000. Kotun Tarayyar ta fayyace a 2016 cewa lissafin yana kan kuɗin zangon da abin ya faru ne, ban da haraji. Misali, mai tikitin gaba da kuɗin zangonsa ya kai sefa miliyan ɗaya, zai karɓi 750,000. Amma a lura da kalmar: ajin da ya saya. Ɗan kyauta baya ya saya, baya aka mai da shi.

Lamarin ya sha bamban ga wanda ya biya wani abu. Idan kuɗi ka ƙara a kanta ranar tafiya, ko makinka aka cire, to ba kyauta ba ce, kuma abin da ka bayar dole ya dawo. Haka kuɗin zaɓen kujerar da ka rasa ta dalilinsu. Irin wannan ba a cikin jirgi ake karɓarsa ba, ma'aikatan ciki ba su da asusu. Abin da za su iya shi ne rubuta rahoto. Daga baya sai a aika ƙorafi a rubuce ta shafin kamfanin ko ofishinsa, a haɗa da lambar tikiti, lambar ajiyar gurbi mai harufa da alƙaluma 6, hoton takardun shiga biyu da rasit. Idan aka yi shiru, akwai hukumar kula da sufurin jiragen sama, CCAA a Kamaru, ADAC a Chadi.

Shi ya sa tsohuwar takarda take da daraja. Ma'aikata sun saba yaga ta, sai a ɗauki hotonta kafin a miƙa. Idan aka zo tashin mutum, muryar da ta fi aiki ita ce ta ƙasa-ƙasa: "To Madam, ba komai. Wace kujera za a ba ni, kuma ina za a sa jakata?" A nemi magana da babbar ma'aikaciya idan kujerar da aka bayar ta raba mutum da ƙaramin yaro ko tsohon da yake kula da shi, domin a nan suna da hurumin roƙon wani fasinja ya yi musaya. Sau da yawa wanda ya tashi cikin mutunci yakan ga an biyo shi da farantin gaba ko an rubuta masa ɗan maki na ban haƙuri, ko da yake wannan ma alheri ne, ba haƙƙi ba. Wanda ya kafe ya ce sai dai a kira shugaban kamfani, yana wasa da tafiyarsa gaba ɗaya. Matuƙi yana da ikon sauke fasinjan da ya ƙi bin umarni, kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Tokyo ta 1963 ta tsaya masa. Sauke mutum ɗaya yana nufin a nemo akwatinsa a fitar, jirgi ya ƙara makara, mutum ɗari da wani abu suna harararsa.

A ma'auninmu, ga matafiyi shi kaɗai mai ƙaramar jaka a doguwar tafiya kamar ta Addis Ababa ko Paris, a karɓa hannu biyu, sai dai kada a baje kaya sai an ji ƙarar rufe ƙofa, jakar kuma ta zauna kusa. Ga gajeren zango irin Garwa zuwa Yawunde, wanda bai kai awa biyu ba, ribar ba ta taka kara ta karya ba, musamman ga wanda ya riga ya mallaki kujera mai kyau a baya. Mai iyali, da mai jinyar da aka zaunar kusa da ɗan rakiyarsa, da uwar da aka ba layin da ake rataya gadon jariri, su ya fi dacewa su ce sun gode, a bar su inda suke. Ana iya ƙin ɗagawa, ba laifi ba ne, kuma ma'aikacin ƙofa yana da suna na gaba a jerinsa.