Bitar hostnamectl da Netplan a Ubuntu Server 24.04

Ƙorafin da aka fi yi a kan Ubuntu Server shi ne mutum ya canza sunan na'ura, ya gyara DNS (tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP), komai ya hau, amma da an kashe an kunna sai ya tarar an koma gidan jiya. Kayan aikin da 24.04 ta zo da su, wato hostnamectl mai saita suna da Netplan mai saita sadarwa, suna magance wannan sosai, muddin an rubuta saitin a inda ya dace.

Batun suna ba shi da wuya. Umarnin `hostname sabar1` yana canza sunan ne na ɗan lokaci kawai, da an kashe na'ura ya tafi. Shi kuwa `sudo hostnamectl set-hostname sabar1` yana rubuta shi a /etc/hostname, don haka yana zama. Aibinsa ɗaya: ba ya taɓa /etc/hosts. Sai ka gyara layin 127.0.1.1 da hannunka, in ba haka ba sudo zai riƙa cewa ya kasa gano sunan na'urar.

A wajen DNS ne ake yawan tuntuɓe. Mutane sun saba buɗe /etc/resolv.conf su rubuta adireshi, alhali a nan fayil ɗin mahaɗi ne kawai zuwa /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf. Abin da ke cikin /run yana zaune ne a RAM, kuma systemd-resolved, manhajar da ke kula da DNS a Ubuntu, na sake rubuta shi, shi ya sa za ka sake ganin adireshinta, 127.0.0.53, maimakon naka. Wurin da ya dace shi ne fayil ɗin YAML da ke /etc/netplan. A ƙarƙashin sunan katin sadarwarka ka sa `nameservers`, a ƙarƙashinsa `addresses: [1.1.1.1, 9.9.9.9]`. Idan DHCP, tsarin raba adireshi kai tsaye, ke ba na'urar adireshi, ƙara `use-dns: false` a ƙarƙashin `dhcp4-overrides`, domin in ba ka yi ba, za a haɗa naka da waɗanda DHCP ya aiko. YAML ba ya yarda da tab, kuma kuskuren tazara ɗaya ya isa ya hana a karanta fayil ɗin.

Abin da ya fi cancantar yabo shi ne `sudo netplan try`. Yana gwada sabon saitin, idan ba ka tabbatar ba cikin daƙiƙa 120 sai ya mayar da tsohon. Ga mai aiki daga nesa ta SSH (hanyar shiga saba ta intanet), wannan ba ƙaramin taimako ba ne. Bayan haka duba da `resolvectl status`. Dabarar kulle resolv.conf da `chattr +i` kuwa a guje mata, tana hana VPN sa nata DNS.

Inda tsarin ya gaza shi ne cloud-init, manhajar da ke saita saba yayin kunnawa. A sabar da aka haya a intanet, yana iya mayar da tsohon suna a shiru lokacin kunnawa, kuma hostnamectl ba ya gargaɗin haka, alhali ya kamata. Maganin shi ne `preserve_hostname: true` a /etc/cloud/cloud.cfg. Haka kuma kada ka gyara 50-cloud-init.yaml da ke /etc/netplan, don ana iya sake rubuta shi. Buɗe naka fayil a can, misali 99-dns.yaml, tunda Netplan na fifita fayil ɗin da sunansa ya zo a ƙarshe, sannan ka ba shi izinin 600, wato mai fayil ɗin kaɗai ke iya karantawa da rubutawa.