Gargaɗi Kan Masu Tallar Makullan Kabad ɗin Kicin a Intanet

Jama'a, don Allah ku yi hattara da wani shafi da ke tallar makullan kabad a kafofin sada zumunta. Ba zan ambaci sunansa ba, don ma sau biyu ke nan yana sauya suna tun da na fara bibiyarsa, amma bidiyon ɗaya ne: hannu na dukan makulli da guduma, makullin ko gezau, a ƙasa an rubuta wai tagulla ce zalla.

Ɗana ya fara tafiya, hannunsa ba ya barin komai. Kabad ɗin da ke ƙarƙashin wurin wanke-wanke nan nake ajiye bilic da maganin ƙwari, shi ya sa hankalina ya kasa kwanciya. Na sayi guda shida, na biya kafin a kawo. Da suka iso suna ta ƙyalli, kafinta ya ɗaura, na saki jiki. Sakin jikin nan shi ya fi ƙona min rai, domin da can idona na kan yaron, amma da na ga makulli sai na daina kula.

Ba a cika wata biyu ba tsatsa ta fara tsattsafowa a bakin ramin mabuɗin. Kicin wuri ne na tururi da laima, ƙarfen banza ba ya jurewa. Rannan ina juyowa na tarar da ƙofar kabad a buɗe, yaron zaune da robar bilic a cinyarsa yana kokawa da murfin. Allah ne Ya tsare. Da na duba, ashe harshen makullin, wato ɗan ƙarfen da ke juyawa ya kama katako ta ciki, ya lanƙwashe kamar murfin gwangwani saboda fizgar yaro ɗan shekara ɗaya da rabi.

Kafintan da ya dawo ya ɗauki magagari ya ɗan goga jikin ɗaya. Ruwan zinaren nan ya kau, sai ga toka-toka a ƙasa. Tutiya ce aka zuba aka shafe ta. Tagulla ta gaskiya ko ka goge ta rawaya ce har ciki, kuma ta fi nauyi a hannu. Ya kuma ja min kunne kan gwajin maganaɗisu da mutane ke dogara da shi: yana tona asirin baƙin ƙarfen da aka yi wa shafe, don zai manne, amma ba ya kama tutiya kamar yadda ba ya kama tagulla, saboda haka shi kaɗai bai isa shaida ba. Daga nan ya zura ƙarshen ƙaramin cokali a ramin, ya murɗa, makullin ya buɗe.

Na yi wa mai shafin magana. Ya ba ni haƙuri da daɗin baki, ya ce kuskure aka yi wajen ɗaurin kaya, in turo kuɗin aike a sauya min. Na tura, ya toshe ni. Wannan damfara ta biyun ku fi kiyaye ta, don a lokacin mutum na neman fanshe asararsa ne.

In za ku saya, ku riƙe abin a hannu tukuna. Ku gwada lanƙwasa harshen da yatsa. In ya motsa, ku ajiye. Mai cewa nasa ƙarfe ne mara tsatsa ya faɗi lambar nau'in ƙarfen, 304 ita ce aka saba amfani da ita a kayan kicin. Ku auna kaurin ƙofar ma, galibi milimita 16 ko 18 ne, domin in jikin makullin ya gaza tsawo notin baya ba zai kama sosai ba, yau da gobe sai ya fara juyawa gaba ɗaya.

Nawa shidan na cire su. Bilic da maganin ƙwarin kuma na mayar da su kabad ɗin sama, inda ko ni sai na taka kujera.