Sharhi: Shekara Guda da Libarba Mai Albarushi Samfurin Remington 1858

Na taso ina ganin maharba suna ɗura albarushi a bindigar toka, saboda haka da zama ya kai ni Amurka na tarar ana sayar da kwafin libarbar ƙarni na 19, ban yi jinkirin neman tawa ba. Na daɗe ina auna samfura biyu, wato Colt 1851 Navy mai faɗin baki inci .36 da Remington 1858 mai faɗin baki inci .44, wadda sojojin Arewa suka riƙe a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865. Colt ta fi daɗin riƙo a hannuna, amma Remington na ɗauka, ƙirar lardin Brescia na Italiya, domin jikinta rufaffe ne ta sama, kuma gidan harsashinta mai juyawa yana fita cikin sauƙi. Na guje wa mai jikin tagulla duk da arharta, tun da ƙarfe ya fi jure ɗuri mai nauyi.

Ɗurin ne ainihin daɗin wannan bindiga. Kowane rami daga cikin shida sai na auna masa albarushi da mudunsa, na sa ɗan toshi mai maiƙo, na ɗora ƙwallon dalma mai faɗin inci .454, sannan na danna shi da sandar da ke ƙarƙashin bututu. Idan ƙwallon ya dace, bakin ramin yakan aske siririn zobe na dalma, kuma wannan zoben nake dubawa kullum, domin shi ke nuna ramin ya toshe sosai yadda wuta ba za ta tsallaka ta tayar da maƙwabtansa ba. 'Yan hulunan tagulla masu tayar da wuta su ne na ƙarshe. A nan na sha wahala da farko, domin masu lamba 11 sun yi wa bindigata yawa suna zubewa, sai da na koma lamba 10.

A nisan yadi 25 tana saiti fiye da yadda na zata, bugunta a hannu mai laushi ne, farin hayaƙi kuwa yakan rufe abin hari na ɗan lokaci. Tokar albarushi tana taruwa da sauri, har juyawar ta fara nauyi idan ban shafa mai a sandar tsakiya da gidan harsashin ke juyawa a kanta ba. Albarushin zamani marar hayaƙi kuwa ba ya kusantarta ko kaɗan, domin yana iya fasa ta.

Wanki wajibi ne a ranar da aka yi harbi. Nakan kwance ta, na wanke da ruwan zafi da sabulu, na busar, na shafe da mai, domin tokar tana jan danshi, tsatsa kuma ba ta jira. Wanda zai iya ba da mintuna da yawa ga ɗuri, da kusan sa'a guda ga wanki, ina ba shi shawarar ya fara da wannan samfuri mai jikin ƙarfe.